Ba Guba Ba Ne, Gishiri Ne

Zuwa ga maƙerina, inuwar da nake fakewa idan rana ta take, ruwan farko da ke sauka a kan ƙasar da ta gaji da jira, sanyin idona wanda yau ya zame mini tsakuwa a cikin idon,

Ina gaishe ka gaisuwar macen da ke son mijinta, wadda kuma ranta ke tafarfasa a kansa.

Kwana uku ke nan ina gidan Yaya. Kiranka ashirin da ɗaya na gani, ban ɗaga ko ɗaya ba. Na san halina ne: in na ji muryar nan taka mai kama da kukan kurciya da sanyin safiya, zan yafe tun ban faɗi abin da ke cina ba. Shi ya sa na ɗauki biro. Takarda ba ta iya cewa "Haba, Malama" ta kashe mini jiki.

Bari in ba ka labarin da bakina, tunda na kowa ka saurara ban da nawa. Ranar Litinin na shiga ajin 'yan shekarar farko da gishiri a murfin kwalba. Darasin shi ne bambancin sinadari tilo, wanda bai haɗu da komai ba, da haɗaɗɗen sinadari. Na ce musu akwai wani ƙarfe mai laushi da ake kira sodiyam, wuƙa na yanka shi kamar sabulu, in ya taɓa ruwa sai ya hau tsalle har ya kama da wuta. Akwai kuma wata iska kore-kore, kulorin, wadda shaƙarta ke ƙona huhu. Amma idan biyun suka haɗu haɗuwa ta gaske, kowanne sai ya ajiye halinsa, a sami sabon abu da ba ya ƙuna, ba ya shaƙe kowa: gishirin da ke kicin ɗin iyayensu. Na lasa a gabansu, suka kwashe da dariya. Laifina ke nan gaba ɗaya.

Wata yarinya mai ƙoƙari da ke zama a layin gaba ta kai rabin zancen gida, ta bar rabin a hanya. Wai Malama ta ce akwai guba a gishiri. Uwar ta kwana biyu tana girki lami, uban ya zo makaranta yana kumfar baki, wai ina firgita yara, ina koya musu haɗa abin fashewa. Kafin Laraba zance ya yi fiffike, a bakin wasu har wuta na kunna a aji. Shugaban makaranta ya kira taron iyaye ranar Asabar.

Wallahi ban ji ko ɗar ba. Na shirya bayanina tsaf, na zauna a gaba ina jiran a ba ni dama. Sai shugaba ya gyara tabarau, ya zaro takarda daga aljihu, ya ce, "Jama'a, Malama ta hutar da mu, ta rubuto ban haƙuri." Ya karanta. Wai na yi kuskure. Wai abin da na koyar ba shi da tushe. Wai ba zan ƙara ba. Ya ɗaga takardar kowa ya gani, ni ma na gani. Ina zan kasa gane wannan rubutun mai jingine kamar dawa bayan iska? Da shi ka aiko mini wasiƙu goma sha ɗaya kafin aurenmu! Ga sunana a ƙasa, da hannunka.

Uban yarinyar ya ce, "To madalla, ga shi ta amsa da kanta." Aka dakatar da ni mako biyu. Na buɗe baki in ce ƙarya ce, sai na tuna in na faɗa, asirin mijina zan tona a gaban mutum ɗari. Na haɗiye. Ka san ɗacin abin da na haɗiye? Yarinyar tana gefen uwarta, ta ɗago ta kalle ni, kallon mai tambaya: ashe Malama ma tana yi mana ƙarya? Shekara bakwai ina gina amincin yaran nan ɗaya bayan ɗaya, kai ka rushe shi da layi shida.

Da wani jahili ne ya yi mini haka, da na karkaɗe zanena na wuce. Amma kai? Kai da ka fi kowa sanin gaskiyata? Ka manta ranar da na fara zuwa shagonka neman garin ƙarfe saboda darasi? Ka tattaro mini shi daga ƙarƙashin tebur, ka ƙunshe a takarda, ka ce ba za ka bayar ba sai ka ga abin da mace mai farin mayafi za ta yi da sharar maƙeri. Na cakuɗa shi da farar wuta a kan wani guntun faranti, na kawo mayen ƙarfe, garin ya miƙe ya manne, ya bar farar wutar a ƙasa. Na ce wannan cakuɗa ce kawai, kowa na nan da halinsa. Sannan na ce ka sa masa wutar waldarka. Ya yi ja, ya yi wari har muka fito waje muna tari, ya koma baƙin dunƙule. Ka kai mayen ƙarfe, ka juya ta nan, ka juya ta can, shiru. Ka dube ni, gumi na bin goshinka, idanunka na ƙyalli kamar raɓa a kan ganye, ka ce, "Malama, ina kika kai mini ƙarfena?" Na ce yana ciki, amma abin da ke hannunka ba ƙarfe ba ne yanzu. Ka yi dariya har da dafa bango. A ranar na koma gida ban san ta wace hanya na bi ba.

To mutumin da ya gane wannan da idonsa, shi ne ya zauna ya rubuta cewa ba shi da tushe?

Na ji uzurinka a bakin ƙofar makaranta. "Malama, uban yarinyar nan har shago ya zo yana cewa sai ya ga bayanki. Ga ki da juna biyu. Takarda ce kawai, kwana biyu an manta." Takarda ce kawai! Ya masoyina, ka yi gudun gara ka kai ni gidan zago. Na yarda tsoro ne ya kama ka, na yarda so ne ya haifi tsoron. Amma wane irin so ne ba ya shawara? Tare muka karya kumallo ranar, takardar na aljihunka, ka ce in ƙara shayi, ka gyara mini takalmi a bakin ƙofa, ba ka ce uffan ba. Ni yarinya ce da za a rufa wa ido a tsallakar da ita titi? Abin da ke cikina kuwa, da kake fakewa da shi, me zan gaya masa ran da ya girma ya ji cewa uwarsa ta taɓa amsa ƙarya don a ƙyale ta?

Yaya ta ce in bar ka ka yi wata guda kana cin ƙonannen girkinka. Na ce mata gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Ba ta san ina juyi ina laluben gefenka ba, ba ta san ko ƙarar buga ƙarfe na ji daga nesa sai gabana ya faɗi. Ina kewarka kamar yadda kifi ke kewar kogi, kuma in na tuna takardar nan sai in ji kamar in jefa maka guduma. Ka ga halin da ka sa ni?

Ga abin da nake roƙo, kuma ba zan rage ko ƙwaya ba. Na nemi kwamitin makaranta ya sake zama ranar Alhamis da ƙarfe goma, sun amince, iyaye ma za su zo. Ka zo. Ka miƙe tsaye, ka ce kai ka rubuta, ban sani ba, ban sa ka ba. Iyakar naka ke nan. Sauran nawa ne: zan koyar da darasin daga farko har ƙarshe, uban yarinyar na zaune, har sai ya fahimta ko ya gaji. Wataƙila su yi maka dariya. Wataƙila shugaba ya faɗa maka magana mai zafi. Ni na sha tawa ni kaɗai, kai kuwa za ka sha taka ina tsaye kusa da kai, kafaɗa da kafaɗa. In an tashi, kai za ka ɗauki jakata, mu koma gidanmu tare.

Kuma don Allah kada ka zo mini da kayan aiki. Ka sa farar rigarka, ka gyara gemu. In za ka ji kunya a gaban jama'a, ka ji ta kana da kyau, don mijina ne kai.

Taka, tun daga yau har ranar da za a rufe mini ido, wadda ba ta da wani sai kai, ba ta kuma huce ba,

Malamarka.