Ƙanena Ya Ƙawata Tsohon Jirginsa Da Fitilu, Zai Ɗauki Inna

Malam, ka taimake ni da shawara kafin ƙanena Gwadabe ya kashe mana uwa.

Yaron nan ni na goye shi. Da rake yake sayarwa a bakin gadar Wudil, sai kwangilar siminti ta faɗo masa, yanzu ko gaisuwa sai ta tagar mota. Bara ya sayi wani tsohon ƙaramin jirgin sama a hannun wani Bature da ke feshin gonaki, abu duk faci, ya ajiye shi a fili wajen Dagumawa. Wai fitilunsa sun yi masa ƙanana, ba a gane mai kuɗi ne a ciki. Matuƙin da ya ɗauka ya ce batirin ba zai ɗauki ƙari ba, sai ya sallame shi, ya kawo Sabo mai haɗa wayar manyan motoci. Sabo ya ɗaura masa fitilun tirela biyu, ya zagaye fukafukan da ƙwayayen lantarki ja da kore, jirgin ya zama kamar rumfar mai shayi. Da suka kunna a ƙasa, ni da kaina na ji ƙaurin waya. Yanzu ya samo wani matuƙin, ranar Sallah zai zaga da Inna ta ga Darki, garinsu, daga sama. Ita kuwa har ta ɗinka sabon zani. Na yi magana a gaban jama'a, ya ce hassada ce.

Yaya Mai Takaici, Wudil

Baiwar Allah, hancinki bai yi ƙarya ba. Na tambayi wani injiniyan jirage a Kano. Ya ce danamon irin waɗannan tsofaffin jirage, wato na'urar da ke yi wa batir caji, wuta kaɗan yake bayarwa, daidai rediyo da 'yan fitilunsa. In aka ɗora masa fitilun tirela, batir zai zuƙe, rediyo ya mutu, waya ta yi zafi, kuma a sama babu gefen titin da za a tsaya. Wanda ya kori matuƙi don ya faɗa masa gaskiya, ya miƙa jirgi ga mai gyaran tirela, kuɗinsa sun fi hankalinsa yawa.

Amma ke ma wasiƙarki raini ya yi mata yawa. Sayar da rake ba abin kunya ba ne, son faranta wa uwa kuma ba laifi ba ne. Kin kunyata shi a gaban mutane, dole ya kafe.

Ki same shi shi kaɗai. Ki ce ya cire aikin Sabo gaba ɗaya, ya kira injiniya mai lasisi. In haske yake so, ana iya sa danamo babba da waya mai kauri da fitilar da aka yi don jirgi. In ya ƙi, ki faɗa wa Inna zancen ƙaurin nan ƙarara, ranar Sallah ki ɗauki hayar mota ki kai ta Darki da sabon zaninta. Allah Ya tsare muku ita, Ya daidaita tsakaninku.