Tsumman Anko a Cikin Motar Surukina

Assalamu alaikum mai wannan shafi, da ku masu zaman jiran a kawo laifin wani ku yi kalaci da shi. Don Allah a sakaya sunana. Kafin ku fara wanke ni, ku sani na girmi iyayen yawancinku, kuma duk zagin da za ku yi mini na riga na yi wa kaina wanda ya fi shi gishiri. Ku yi haƙuri da rubutun, a aji uku na tsaya, da yatsa ɗaya nake dangwalar wayar nan kamar kaza na tsintar tsaba.

Ni dattijo ne a Kontagora, hatsi nake sayarwa. Ina da suruki, mijin 'yata ta fari, ma'aikacin gwamnati. Yaron kirki ne, ban ce ba, amma irin mutanen nan ne masu goge mota da hankici suna hura mata iskar baki, alhali in ka ce ya nuna maka inda ake zuba mata ruwa sai ya ɗauko waya ya kira wani. Da aka tura shi kwas Minna, sai ya kai motar wurin bakanikensa, bari in kira shi Dogo, aka yi mata juyen baƙin mai, sannan ya kawo ta gidana saboda gidan hayarsu ba get. Ya durƙusa, ya ajiye makulli a gefen tabarmata, ya ce, "Baba, ko za a riƙa ɗan tayar da ita saboda batir." Tayarwa kawai ya ce. To wa ya aike shi ba kura ajiyar nama?

Ana nan sai ga ɗaurin auren ɗan wani abokina a Beri. Shekara da shekaru tsofaffin can suna ganina ina sauka daga bayan acaɓa, babbar riga ta kumbura da iska kamar laima. Na ce yau sai sun ga ikon Allah. Ni fa na yi yaron mota da ƙuruciya, wato na ƙware a sa wa taya weji da ɗaure kaya, tuƙin kuwa na sata ne. Na isa lafiya. Amma maimakon in tsaya a bakin hanya kamar mai hankali, sai na ce sai na kai ta har gaban rumfa kowa ya gani. Ashe wani dutse na kwance cikin ciyawa yana jirana tun zamanin kakanni. Ƙwaram! Na fito ina washe baki, ina amsa "Alhaji, an yi mota ke nan?", ƙasanta kuwa baƙin mai na tsiyaya kamar an huda tulu. Kwanon nan na ƙasan inji, wanda baƙin mai ke zama a ciki, shi ne ya tsage. Na tuna dabarar direbobin da, na liƙe tsagar da sabulun wanki, na lallaɓo gida ina karanto duk addu'ar da na sani har da ta shiga kasuwa.

Mai hankali Dogo zai kira. To ni in kira Dogo? Mutumin da bakinsa ya fi rediyo, wanda ya taɓa ce mini a gaban jama'a, "Baba, kai ko kacar keke ce ta zame sai an tara maka unguwa"? Ai kafin la'asar labari ya kai Minna. Kuma me makanikai suka sani ban da buga guduma, su ɓata riga da gangan, su tsotsi haƙori su ce "aikin da yawa"? Na tafi can wani shagon kayan gyara inda ba a san ni ba, na sayo kwano na hannu, da gam, da galan na baƙin mai. Na kalli wani Ba'indiye a waya yana yin aikin. Ko kalma ɗaya ban ji ba, amma na gyaɗa masa kai har ƙarshe.

Ranar da matata Hajiya ta tafi suna, na rufe ƙofa. Na ɗaga motar, jak a gefe guda, turminta a ɗaya gefen, na shimfiɗa buhu na cusa tumbina ƙarƙashin mota kamar kwaɗo a gindin randa. Notunan sun fi haƙoran bakina yawa. Na ƙarshen na fita, kwano ya faɗo mini a ƙirji, ragowar mai ya wanke mini gemu. Gemun da na yi shekaru ina jira ya yi fari a fara girmama ni, ya koma na ɗan saurayi. Na fizgo tsumma daga kan igiya, wani yankin tsohon zanen Hajiya, na goge fuska, na goge cikin sabon kwano, na lafta masa gam kamar mai yaɓen ɗaki. Sai ladan ya kira azahar. Na yi maza na ɗaga kwanon na ɗaure, na zuba mai, na murza makulli. Ta tashi lafiya lau, ko ɗigo babu. Na tsaya ni kaɗai a tsakar gida ina yi wa kaina kirari. Tsumman kuwa na neme shi sama da ƙasa ban gani ba, na ce akuya ce ta ja.

Hajiya ta dawo, ta kalli gemuna, ta kalli turminta, ta kalli tsohon kwanon da na jefar a bayan ɗaki. Ta ce, "Malam, rini aka koma da tsufa?" Na ce ta kiyaye ni. Ta ce, "Ni ban ga komai ba. Agwagina dai sun samu kwanon dusa." Ta wanke shi da toka ta girke a tsakar gida.

Surukina ya dawo, ya yi ta godiya, har da tsarabar doya. Ya ɗauki 'yata za su Nasko gaida mahaifiyarsa, ba su kai ba inji ya yi wata ƙara ya buga. Aka jawo motar, wani bakanike daban ya buɗe, sai ga tsumma ya toshe rariyar da ke zuƙo mai. Ashe a cikin kwanon na bar shi, na rufe da hannuna! Mutumin ya ƙara da cewa wannan kwanon ma ba na motar ba ne, musanya aka yi. Da aka wanke tsumman da fetur sai adonsa ya fito: ankon bikin 'yata. Ku kun san anko. Rabin matan unguwa sun ɗinka, har da matar Dogo, kuma kowa ya sha ganin Dogo na goge hannu da irinsa a gareji. Shi ke nan, an kama ɓarawo. Aka ce ya sace kwanon asali lokacin juye, ya maƙala tsoho, garin sauri ya manta tsummansa. Dogo ya rantse har da hawaye cewa bai taɓa kwance kwano ba. Wa zai yarda da bakanike? Ni kaina da na san gaskiya, da na ji yana rantsuwar sai da na ji kamar ƙarya yake yi.

Yanzu shugabannin garejin sun sa zama ranar Asabar. In ta tabbata za su kore shi daga filin, kuma wanda aka kora da sunan satar kayan mota, a garin nan ko keke ba mai sake ba shi. Ga shi da iyali. Shaidar da ake jira kuwa tawa ce: in zo in dafa Alƙur'ani cewa mota ba ta motsa daga gidana ba, kuma ba wanda ya taɓa ta. Dogo da kansa ya same ni a shago, ya cire hula, bakin nan nasa duk ya mutu. Ya ce, "Baba, kai dattijo ne, kai kaɗai za ka yi magana a yarda. Ko wani ne ya taɓa ta a gidanka, ka taimake ni ka faɗa." Na ce, "Allah Ya bayyana gaskiya." Ya ce amin da ƙarfi. Ban taɓa yin addu'a ina fatan kar a karɓa ba sai ranar.

Jiya surukina ya zo gaisuwa. Ya cire takalmi tun daga zaure, ya durƙusa nesa da ni kamar kullum, kai a sunkuye, don ba a haɗa ido da uban mata. To ina idon mai sunkuye yake sauka? A ƙasa. Me ke ƙasan? Agwagin Hajiya, sun kewaye kwanon motarsa suna wasoso, ga tsagar ɓaro-ɓaro, ga ramukan noti a jere. Ya daɗe yana kallo. Na shiga yi masa zancen daminar bana. Can ya ce a hankali, "Baba, agwagin nan sun yi ƙiba." Na ce, "Dusa ce." Ya ce, "Allah Ya ƙara albarka. Sai Asabar ɗin, in Allah Ya kai mu." Ya tashi ya fita.

Wannan fa shi ne wanda nake cewa bai san inda ake zuba ruwa ba. Ya gane ko bai gane ba? In ya gane, kunya ba za ta taɓa barinsa ya ce uban matarsa ya yi ƙarya ba. Zai zauna ne kawai, kai a ƙasa, yana jin lokacin da zan dafa Littafi. In na faɗi gaskiya na zama abin dariyar gari: tsohon da ya saci motar surukinsa ya je burga, ya dawo ya ɗura mata tsumma. 'Yata ta rasa inda za ta sa fuskarta a dangin miji, Dogo kuma ya samu abin faɗa har jikokinsa. In na rufe baki, na kashe wa mai iyali sana'a, na kuma yi rantsuwa a kan kwanon agwagi. Hajiya ta ce in ban je na faɗa da bakina ba, ita za ta ɗauki kwanon a ka ta kai gareji da dusar a ciki. Na san ta, ba za ta ma kore agwagin ba, bin ta za su yi.

Kar wani ɗan jiya ya rubuto mini "Baba ka ji tsoron Allah", da ba na ji ai da ban zauna ina dangwalar waya ba. Asabar jibi ce, kuma har yanzu gemun bai gama komawa fari ba. Me zan yi?