Na Ce Mata Ita Ce, Ta Kashe Waya

Anti, don Allah ki raba mana gardamar nan, raina a ɓace yake. Shekara tara ke nan ina ɗaga waya a wata cibiya da ke taimaka wa masu son barin shaye-shaye. Ɗan ɗaki ne, tebur ɗaya, waya biyu, sai fanka mai kuka kamar za ta faɗo mini a ka. Ni kaina na yi shekara shida ina haɗiyar ƙwaya, kuma ba lallashi ne ya raba ni da ita ba. Yayana ne ya tsare ni a bakin ƙofa ya wanke ni tas, har na zubar da hawaye.

Ranar Talata wata mata ta kira, murya ƙasa-ƙasa, ina jiyo ƙarar keken ɗinki a bayanta. Wai ƙawarta ce ke shan maganin tari, kwalba uku a rana, wai ko za a iya duba ta ba tare da mijinta ya sani ba. Haba Anti! Wace ƙawa ce za ta san har yadda hannu ke rawa in an zo zura zare a allura? Na ce ta bar kwana-kwana, ita ce, ta faɗi sunanta mu kama aiki. Sai na ji ƙit, ta kashe.

Sabuwar shugabarmu, wadda na girme ta da shekara goma, ta saurari kiran, don ana naɗar wayoyinmu. Ta miƙo mini takarda cike da tambayoyi, su yaya kike ji, su me ya fi damun ki. Ta ce ko in zauna horo ranar Litinin, ko a mai da ni ɗakin ajiye fayil. Ni za a koya wa magana da mai shaye-shaye? Wallahi ba zan karanto wa mutum tausayi daga takarda ba. Kuma ai ban yi ƙarya ba, ita ce! Ga lambarta a gabana, an hana ni kira. Kwana huɗu ke nan duk wayar da ta yi ƙara sai in yi wuf in ɗauka, in ji ba ita ba ce. Amma ni dai ban ga laifina ba.

Mai Ɗaga Waya

Ƙanena, na yarda ita ce. Sai dai yayanka ya san ka tun kana rarrafe, kuma yana tsaye a gabanka, ba ka da wurin gudu. Matar nan minti biyu kacal ta yi da muryarka, yatsanta na kan wurin kashewa. Ƙawar da ta ƙirƙiro ita ce mayafin da ta samu ta fito da shi, kai kuma ka fizge. Da ka tambaye ta yadda ƙawar ke barci, da abin da take tsoro in mijin ya ji, da bakinta za ta gaya maka ko wace ce, ko da a kira na uku ne.

Kana da gaskiya a wuri ɗaya: tausayin da aka karanto daga takarda, kunne yana gane shi. To ka je horon, ka roƙi shugabar ta bar ka ka faɗi tambayoyin da irin bakinka. Lambar kuwa kada ka taɓa ta. Ba ka san a hannun wa wayar take kwana ba, in mijin ya ɗauka ka gama tona mata asiri.

Mai yiwuwa ba za ta sake kira ba, sai ka daure da wannan. Amma in ka yi zuciya ka bar kujerar, ranar da ta tattaro ƙarfin hali ta bugo, wanda ya ɗanɗani irin azabarta yana can yana jera fayil. Allah Ya yaye mata, kai kuma Ya sanyaya maka harshe.