Layi Biyun Da Na Ƙaga Sun Cinye Gonar Kawuna

Assalamu alaikum masu wannan shafi. A sakaya sunana, kuma don Allah a ji ni har ƙarshe kafin a fara zagi, wanda nake yi wa kaina ma ya ishe ni.

Lokacin da nake karatun lauya ni ne editan mujallar ɗalibai ta sashenmu, mujallar da ko mu masu buga ta ba ma karantawa, ƙarshenta wajen mai ƙosai. Wani farfesa, Allah ya jiƙansa, ya ba mu rubutunsa kan gonakin bakin tafkin Kainji, ya bar gurbi ya ce, "Kai ɗan Yauri ne, je ka tambayo dattawanku al'adarsu ka cike." Ni kuwa ƙyuya ta hana ni zuwa gida. Na zauna a ɗaki na ƙaga layi biyu, wai a al'adarmu gonar da ruwa ya shanye, idan ya janye, ta wanda ya riga shuka ce. Ban tambayi kowa ba, muka buga da sunan farfesan shi kaɗai. Wa zai karanta?

Ashe akwai mai karantawa. Bana kawuna, ƙanen Inna, ya kai ƙarar wani da ya dasa albasa a gonarsa a Ngaski bayan ruwa ya janye. Lauyan mutumin ya tono mujallar nan, alƙali ya gyara zaman tabarau ya karanto ƙaryata cikin isa, ya ce binciken masana ne. Masana! Dattawa uku sun ba da shaida a gabansa, ya ture maganarsu saboda ba a rubuce take da Turanci ba. Wannan ne alƙali? Mutumin da ya fifita takardar ɗalibai a kan masu furfura? Ya ba mai albasar gonar, ina zaune a kotun ina kallo.

A waje Kawu ya riƙe hannuna ya ce, "Ɗana, wanga malami naku, wane dattijo ya hwaɗa mai hakanga? Gonag ga tun kakanmu tamu ta."

Na ce, "Sai haƙuri Kawu, abin na ilimi ne." Kun ji rashin kunya.

Yanzu kwanakin ɗaukaka ƙara suna ƙarewa. In na yi shiru gonar ta tafi, gobe kuma wani alƙalin ya kafa hujja da wannan hukunci a kan wani talakan. In na tona gaskiya na zubar da mutuncina a aikina na lauya, kuma ban san da wane ido zan kalli Inna ba. Jiya Kawu ya aiko cewa ni yake so in tsaya masa, wai ni kaɗai ya yarda da shi.

Me zan yi?