Itacen da Ka Kafa a Ƙofar Gidanmu

Zuwa ga Hamdi, sanyin idona, iskar tekun garinmu Mahdia da ta biyo ni har ƙasar sanyi, kai da sunanka ne ke fara zuwa bakina bayan salati.

Ka ga, na zauna da niyyar rubuta sunanka tsurarsa, ba zuma ba turare, sai hannuna ya ƙi. Bai iya wata gaisuwa ba tukuna. Daga ɗakina na sama a gidan Gudrun nake rubuto maka, kuma duk lokacin da na ɗaga kai, itacenka ne ke leƙo ni ta taga, ƙyallayensa ja da ruwan ɗorawa suna kaɗawa kamar ba su san abin da suka yi ba.

Ka tuna yammacin da ka zaunar da ni a jirgin kamun kifin mahaifinka, ka kama yatsuna kana koya mini ɗaurin masunta? Ka ce ɗauri ne da ruwa ke ƙara masa ƙarfi, sai wanda ya ɗaura shi ne kaɗai ya san ta inda ake kwance shi. A makon ne iyayenka suka zo gidanmu aka karanta mana Fatihar baiko, mahaifiyarka ta sa mini zobenta tana kuka. Muka ce za mu zo Jamus tare, mu koyi yaren, ni in kama aikin jinya, kai aikin lantarki, sannan a ɗaura aure. Makarantar koyon yaren ta ajiye ka a masaukin ɗalibai cikin birnin Bonn, ni kuma ta kawo ni ƙauyen nan, wurin Gudrun da mijinta Helmut da 'yarsu Annika.

Me ban haɗiye ba saboda wannan alkawari? Na koyi cin burodi mai sanyi da cuku a matsayin abincin dare, ni da na tashi kan kuskus da kifi. Na koyi raba shara gida huɗu, Helmut yana tsaye a kaina kamar mai gadin jarrabawa. Na koyi cewa ranar Lahadi ba a wanki, ba a buga ƙusa, ko dariya sai a hankali. Kullum da safe in bi motar haya zuwa aji, in zauna ana nanata mini cewa a yarensu tebur namiji ne, ƙofa mace ce, yarinya kuwa ba namiji ba mace. Duk kalmar da ta ƙi shiga kaina, sai in ce don Hamdi, ta shiga.

Ni na kawo ka gidan nan da ƙafata. Na ga ka rame da abincin masauki, na roƙi Gudrun ta gayyace ka shan gahawa da kek na ranar Lahadi. Helmut ya dube mu ta saman tabarau ya tambaya, “To, ku biyu mene ne tsakaninku?” Kafin in haɗa kalmomina ka riga ni. Ka ce, “Ƙanwata ce, tare muka tashi.” Na sunkuyar da kai, na ɗauka kunyar gida ce, irin wadda ba a faɗar masoyi gaban manya. Har daɗi na ji, wai ina da miji mai kunya. A hanyar rakiya ka ce mini, “Kin san mutanen nan, suka ji zancen baiko sai su ishe mu da tambaya.” Na yarda. Su kuwa a nan ba a zagaye, abin da ka faɗa shi suke ɗauka. Da Annika ta ce za ta riƙa taimaka maka da karatu, ni ce na yi mata godiya a madadinka, na naɗe maka ragowar kek a takarda.

Gudrun ce ta ba ni labarin al'adarsu ta watan Mayu, cewa saurayi kan sare farin itacen nan da suke kira birke, ya yi masa ado da ƙyallaye, ya rataya masa jar zuciya ɗauke da sunan budurwarsa, ya kafa shi a ƙofar gidansu kafin gari ya waye. Ni kuma na kwashe labarin nan kaf na kawo maka, ina dariya, ina cewa ko wani zai tuna da 'yar Mahdia. Ashe darasi nake ba ka.

Da safiyar ɗaya ga watan Mayu na buɗe taga na ga ganye. Ya Hamdi, ban san yadda na sauko daga bene ba, ko takalmi ban sa ba, raɓa ta jiƙa mini safa. Na ɗaga kai in karanta sunana, sai na karanta Annika. Na ce wa zuciyata kwantar da hankalinki, yarinya ce kyakkyawa, ƙauyen cike yake da samari. Sannan idona ya sauka kan igiyar da aka ɗaure itacen da ita a jikin shinge. Ɗaurin masunta ne. A duk ƙauyen nan, wa ya taɓa kama kifi a Mahdia?

Gudrun ta fito da rigar barci ta rungume ni. Ta ce, “Rihab, yayan nan naki mugu ne, ashe shiru-shirun nan duk na ƙarya ne. To shi ke nan, mun kusa zama dangi.” Helmut ya jijjiga igiyar ya ce, “Yaron ya san aiki, wannan ko guguwa ba ta kwance shi.” Annika tana tsaye a bakin ƙofa, fuskarta ta yi ja, ta kama hannuna ta ce, “Ba ki ji haushi ba ko? Ya ce ke ce za ki fi kowa murna.” Na yi murmushi. Abin da ake yi ke nan in yare ya ƙare wa mutum.

Ba na ganin laifinta. Ita ce ke gyara mini aikin gida, ita ta ba ni rigar sanyinta lokacin da tawa ta gaza. Ka ci amanata, ka kuma sa ta ci ba ta sani ba. Wace irin zuciya ce ke sa zoben uwarta a hannu ɗaya, ta rataya sunan wata a ƙofar gida ɗaya? Bonn ta yi maka kaɗan ne, sai ƙarƙashin tagata? Kullum sai na bi ta ƙarƙashinsa zan je aji, ganyensa na zubo mini a kan mayafi. Ya fara bushewa, tunda ba shi da saiwa, amma ƙyallayen ba su koɗe ba. Mahaifiyarka ta kira ni jiya tana tambaya ko kana cin abinci, na ce kana ci.

Al'adar ba ta ƙare ba, na san ka sani. Ƙarshen wata saurayi ke zuwa ya sauke itacensa, uba ya ba shi akwatin giya, uwa ta ba shi kek, budurwa ta sumbace shi. Giyar dai ban san inda za ka kai ta ba, malam mai sallar asuba. Gudrun kuwa ta ce kek bai isa ba, in koya mata abin da yayana ya fi so. Na ce makrud, mai dabino da zuma, kuma ni zan yi da hannuna, irin na mahaifiyarka.

Ga roƙona, guda ɗaya ne. Ni zan buɗe maka ƙofa ranar, da zoben a yatsana. Ka zauna a kujerar da ka zauna ka yi ƙarya, ka faɗa musu da bakinka ko ni wace ce. In ka yi, ka zaɓi wadda za ka zaɓa, zan ɗauka, ko da zai karya ni. In ka yi shiru, ni zan faɗa. Na haɗa maganar da Jamusanci, ba littafi, ba taimakon Annika, ita ce ta farko da na gina da kaina. Na karanta wa malamarmu, ta ce babu kuskure ko ɗaya.

Har yau ina son ka, kuma ina jin kunyar hakan. Ɗaurin da ka yi mini yana nan yadda ka bar shi, hawaye sai ƙara masa ƙarfi suke yi, ban ba wani igiyar ba, ba kuma zan ba shi ba.

Taka har numfashi ya ƙare, wadda ba ta taɓa zama ƙanwarka ba,

Rihab