Sunan da Gwaggo Inno ta Hana

Babura

Assalamu alaikum Yaya Lado,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya iyali, ya aiki? Kada ka yi mamakin ganin takarda a hannun direba alhali ga waya. Na kira ka, bakina ya ƙi furta maganar, na ɓige da tambayarka kuɗin gero.

Na je duba Sabiru a asibiti nan Kazaure, aka ce ka fita. Yaya, ƙanenmu ya zama abin tausayi. Idanu sun yi ɗorawa, ciki ya kumbura, ƙafa ba ta shiga takalmi. Likita ta ja ni gefe ta ce giya ce ta cinye masa hanta. Na so ƙasa ta tsage in shige. Mu da muka yi ta ɗura masa jiƙon shawara muna zargin abokan kasuwarsa da sammu!

Sai ta tambaye ni ko akwai wanda ya taɓa irin wannan a gidanmu. Na ce Allah ya kiyaye. Amma a mota na tuna cikin Baba a jinyarsa ta ƙarshe, da yadda aka daina barin mu shiga ɗakinsa.

Ga kuma Lailatu matar Sabiru ta sauka, namiji. Sabiru ya roƙa a sa wa ɗansa sunan Baba. Gwaggo Inno ta aiko daga Gwiwa, wai in aka sa ba da yawunta ba, domin sunan nan ya ci mutum biyu. Su wa take nufi?

Ƙanwarka,
Rahamatu

Kazaure

Wa'alaikumus salam Rahamatu,

Saƙonki ya iso. Muna lafiya, alhamdulillahi.

Ban ji daɗin abin da kika rubuta ba. Takarda tana faɗawa hannun kowa. Duk wanda ya tambaya, shawara ce ke damun Sabiru, kamar yadda shawara ce ajalin Baba. Shekara talatin ya yi yana aiki a masarauta, ba a taɓa nuna shi da yatsa ba. Ba za a fara a kaina ba.

Tunda kin matsa: Baba ya ci sunan kakansa, Sama'ilu na Roni, wanda aka ce yana da wannan hali, kuma da kumburin ciki ya tafi. Gwaggo ta yi imani hali yana bin takwara. Shi ya sa da aka haifi Sabiru bayan rasuwar Baba ta hana a maimaita sunan. Zan zaɓa wa jaririn wani, in ce wa Sabiru an yi yadda ya so. Ba ya cikin halin da zai bincika.

Ki ƙona wannan bayan kin karanta.

Yayanki,
Lado

Babura

Yaya, barka da ɗawainiya, Allah ya ƙara girma.

Ka yi haƙuri, ban ƙona ba, kuka na yi a kanta. Ashe kowa ya sani sai mu ƙanana.

To Yaya, an hana wa Sabiru sunan, ya tsira? An canja suna, an rufe baki, aka sake shi yana yawon hatsi har tsallaken iyaka bai san abin da ke jininsa ba. Ya ce min da shi da abokansa suka fara kurɓa, su suka bari, shi ya kasa, kuma har yau yana ganin shi kaɗai ne lalatacce a zuriyar mutanen kirki. Ko ido ba ya iya haɗawa da kai.

Na koma na gaya wa likita na yi mata ƙarya. Ta ce akwai gidajen da giya ta fi saurin kama su, hantarsu kuma ta fi saurin lalacewa. Ta ce gadon ba hukunci ba ne, wanda ya sani ya nisance ta yana iya tsufa lafiya. Amma sai an gaya masa.

Zaharadeen ɗina ya fara acaɓa, yana zama da samarin tasha. Kullum in ya dawo ina shinshina rigarsa kamar ɓarauniya. Ni ma kunya nake ji, Yaya, wallahi ina ji. Amma kada ka yi wa mai jinya ƙarya a kan ɗansa.

A gaida mutan gida.
Rahamatu

Kazaure

Rahamatu, salamu alaikum.

An raɗa suna yau da safe: Sama'ilu. Gwaggo ba ta zo ba.

Daga nan na wuce asibiti, na gaya wa Sabiru sunan, sannan na gaya masa gaskiyar ciwon Baba. Ya daɗe yana kallona, ya ce, "Yaya, ashe ba ni kaɗai ba ne?" Likita ta ce sai dai addu'a.

Ranar da yaron ya yi hankali, ni zan faɗa masa da bakina. Ki turo min Zaharadeen ranar Juma'a, da shi zan fara.

Ki yafe min.
Lado