Jan Zare a Hannun Ummi

Zuwa ga Malama Rabi,

Assalamu alaikum. Na san ba za ki karanta wannan wasiƙa ba, ba ni ma da inda zan aika ta. Amma na saba ba ki labari kafin kowa ya ji, har yanzu na kasa dainawa.

Ranar Litinin aka yi wa Ummi gwajin shiga aji ɗaya a nan Dutsin-Ma. Ni na kai ta.

Ba ki san abin da gwajin nan ya zame mana ba, don bayan rasuwarki aka yi maganar. Da aka yi sadakar arba'in, Inna ta aiko Yaya Sani daga Barkiya ya gaya mini cewa 'ya mace mai shekara shida ba ta zama a hannun namiji shi kaɗai, a kai mata jikarta. Ta yaya zan yi musu da mahaifiyarki? Na roƙi alfarma ta bakinsa. Inna ta yi mini adalci. Ta ce in Ummi ta sami gurbi a makarantar da kika zaɓa mata, ta zauna wurina, a riƙa kai mata ita lokacin hutu. In ba ta samu ba, za a zo a ɗauke ta da kaka.

Na ɗauka abin mai sauƙi ne. Mutumin da ya yi shekaru yana gyara rubutun manya a ɗakin labarai, zai kasa koya wa 'yarsa haruffan Turanci? Cikin mako biyu ta haddace su, tana rerawa daga farko har ƙarshe. Sai na miƙa mata littafi. Ta juya shi, ta buɗe daga bangon baya, ta ɗora yatsa a gefen dama, kamar yadda suke yi a makarantar allo. Na gyara mata, ta sake. Na sake gyarawa, ta sake. Rabi, na daka mata tsawa. Kwana uku ba ta yarda ta zauna tabarma ɗaya da ni ba.

A kwanakin nan uku na yi ta tuna ajinki na Kurfi. Yara suna zuwar miki hannunsu ya riga ya saba da allo, sai ki ɗaura wa kowa jan zare a hannun hagu. Kina gaya musu karatun Malam daga hannun cin tuwo yake tashi, na boko kuma daga hannun zare. Ba kya ba su fensir sai sun yi ta zana harafi da yatsa a tiren yashi suna faɗin sautinsa. Sau nawa na yi miki ba'a cewa kin gama kwalejin ilimi kin koma ɗaura wa yara laya? Sai ki yi dariya, ki ce edita ya tsaya a kan jaridarsa.

Akwai abin da ban gaya miki ba. Lokacin da kike kwance a asibiti, abokan aikina sun zo gida yi mini jaje. Ɗaya ya ga zaren da kika ɗaura wa Ummi, ya tambaye ni ko maganin baki ne. Na ji kunya. Suna fita na ɗauko reza na yanke shi. Da na kai miki ita washegari, kika kama hannunta, kika dubi wurin, kika dube ni. Na ce ya tsinke a wajen wasa. Kin san ƙarya ce, ko? Na yi niyyar gaya miki in an sallame ki.

Ranar kasuwa na tafi Kurfi wurin Malama Binta, wadda ta gaji ajinki. Tirenki yana nan a bayan ƙofa, da sauran ƙullin zaren. Ta zaunar da ni a bencin yara, ta sa na yi ta zane a yashi, tana cewa manyan 'yan boko sun fi wuyar koyarwa. Ta ba ni tiren da zaren na taho gida.

Da Ummi ta ga zaren, sai ta miƙo hannun hagu. Na ɗaura, ta duba, ta ce ba haka Mama ke yi ba, sau biyu kike ƙullawa. Tun ranar jana'iza ba ta ambace ki a gabana ba sai ranar. Na kwance, na sake ƙullawa. Yanzu kullum bayan la'asar muna zaune a gindin darbejiya da tirenki. Ba ni da haƙurinki, muryata kuma ba ta yin waƙa. Me ya hana ni zama kusa da ke ko sau ɗaya in ga yadda kike yi?

Ranar gwajin na tsaya a bakin taga. Malamar da ke yin gwajin ta ba ta kati mai gajerun kalmomi biyar. Ta dubi hannunta, ta ɗora yatsa a hagu, ta bi sautukan ɗaya bayan ɗaya. Ta karanta huɗu. A ta biyar ta tsaya, ta waiwayo tana nemana, ni kuwa ba abin da zan iya yi mata daga nan.

Jiya Yaya Sani ya kira, ya ce gero ya nuna a Barkiya, mako mai zuwa za su fara yanka. Kaka ta zo ke nan. Malamar ta ce in kwantar da hankalina, amma kin san ni da abin da ban gani a rubuce ba. Ranar Alhamis za a liƙa sunaye.

Allah ya jiƙan ki, ya haskaka makwancinki. Ki yafe mini.

Naki har kullum,
Baban Ummi